IN HITAR MOTA TA HURA SANYI, A BINCIKI INJI

Ƙasar Sakkwato da zafi aka san ta. Cikin watan Afrilu ma'auni ya kan haura digiri 40 na Salshiyas, har mutum ba ya iya ɗora hannu bisa ƙarfen mota da azahar. Saboda haka in aka ce za a yi magana game da hitar mota, watau na'urar nan da ke hura iska mai ɗumi cikin mota, lalle wani zai yi dariya, ya ce ina ruwan Basakkwace da ita. Amma wanda ya saba fita da asuba daga Kagara ta ƙasar Goronyo, ko daga Wurno, ko Rabah, tsakanin Disamba da Fabrairu, shi kam ba zai yi dariya ba. A wannan lokaci ma'auni ya kan sauko wajen digiri 15 da dare, wani sa'i ma ƙasa da haka, ga kuwa iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas.

Zaman garuruwan nan shi ke daɗa ƙara musu sanyi. Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi har ya rasu cikin 1837, tana bakin fadamar Gulbin Rima, haka kuma Goronyo da ƙauyukanta. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin Gulbin Sakkwato. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka in dare ya yi sai ta gangara ta kwanta cikin fadama, kamar yadda ruwa ke neman kwari. Wannan kuwa shi ne lokacin da hanya ta fi cika da asuba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984 noman rani ya ƙara yalwa, albasa da tafarnuwa da alkama duk amfanin sanyi ne, direbobi su kan yi sammako da kaya da fasinja zuwa Achida da Sakkwato. Ga malaman makaranta masu zuwa ƙauyuka, ga akawunan ƙananan hukumomi da ke kwana a birni su yi sammakon ofis. Ga kuma wanda ya fi kowa bukatar ɗumi, watau majinyaci, ko mai naƙuda, ko jariri, da a ke ɗauka cikin dare zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

To, abin da mu ke so masu karatu su riƙe shi ne, hitar mota ba ta da wutar kanta. Aron zafi ta ke yi daga ruwan da ke kewaya inji. In ta ƙi ba da ɗumi, galibi labarin ruwan nan ta ke ba ka, ruwan nan kuwa shi ne ran inji. Wanda ya ce ai sanyin wata biyu ne, ya ja bargo ya ƙyale ta, ya yiwu kafin bazara ta wuce ya sayi sabon inji. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

INDA ƊUMIN KE FITOWA

Man da inji ke ƙonawa ba dukansa ke zama tafiya ba. Abin da ke juya ƙafafun mota bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuwa ruwa ya kwashe shi. Akwai famfon ruwa a jikin inji, shi ke tura ruwan nan ya ratsa hanyoyin da aka yi masa kewaye da silinda, ya ɗauki zafi, ya kai lagireto a gaban mota, iska da fanka su huce shi, sa'an nan ya komo.

Da masu ƙera mota suka ga wannan zafi yana tafiya a banza, alhali mutane na rawar ɗari cikin mota, sai suka yi dabara. A farkon zamanin mota matafiya a Turai da Amurka da bargo su ke shiga, waɗansu har da bulo mai zafi a ƙarƙashin ƙafa. Cikin 1938 kamfanin Nash na Amurka ya fito da tsarin da ke jawo iskar waje ya ɗumama ta da ruwan inji, a bisa wannan hanya kuwa a ke tafiya har yau cikin motocin fetur da na gas. Motocin lantarki ne suka sha bamban, gama su daga batir su ke samun ɗuminsu.

Ga yadda abin ya ke. A bayan dashbod, gaban gwiwar fasinja, akwai wani ƙaramin lagireto, girmansa bai fi na littafin rajista na aji ba. Tiyo biyu ke zuwa gare shi daga inji, suna ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba. Ɗaya ke kai ruwan zafi, ɗaya ke komowa da shi. Kusa da shi akwai 'yar fanka mai aiki da lantarki. Sa'ad da ka juya makunni zuwa wajen ja, wani ɗan ƙyaure ya kan buɗe, iskar fankar ta bi ta cikin ƙaramin lagireton, ta fito da ɗumi. In ka mai da shi wajen shuɗi ƙyauren ya rufe, iska ta kewaye. A waɗansu motoci, musamman na da, akwai bawul bisa tiyon, mai kama da kan famfo, shi ke buɗe wa ruwan hanya ko ya tsare shi.

Ashe abubuwa huɗu ke nan a ke bukata: ruwa isasshe, ruwan ya yi zafi, ya sami hanyar wucewa, iska kuma ta bi ta kansa. In ɗaya ya ɓaci ba ɗumi.

AL'ADAR CIRE TAMOSTAT

Yawancin motocin da ke bin hanyoyinmu na hannu ne, waɗanda a ke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. A ƙasashen ƙanƙara suka yi ƙuruciyarsu, da hitarsu lafiya lau suka iso. Abin da ke fara samunsu a nan kowane direba ya san shi. Ran da aka kai mota gareji, sai bakanike ya ce, "Maigida, wannan abin na ƙasar sanyi ne, nan ba ya da amfani." Ya kwance wani ɗan ƙarfe daga bakin inji ya jefar. Sau da yawa kuma ya haɗa fankar lagireto kai tsaye, yadda da an tada mota za ta kama juyawa ba tsayawa.

Ɗan ƙarfen nan shi ne tamostat. Mai tsaron ƙofa ne tsakanin inji da lagireto. Cikinsa akwai wani irin kaki da ke kumbura in ya ji zafi. Muddin inji na da sanyi ƙofar a rufe ta ke, ruwa yana kewayawa cikin inji da hita kaɗai, don ya yi saurin ɗumama. In zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90, bisa ga irin motar, kakin ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto. Aikinsa ke nan, ya riƙe inji bisa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, ko a Landan ko a Goronyo.

Ba mu ce bakanike ba shi da hujja ba. Tamostat ya kan lalace ya maƙale a rufe, in kuwa haka ta faru inji zai tafasa cikin 'yan mintoci. Wanda ya taɓa ganin haka dole ya tsorata. Amma maganin wanda ya lalace shi ne a sa sabo. In an cire shi ɗungum, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Da asubar hunturu, mota na gudu, iska mai sanyi na dukan lagireto, ruwan ba zai taɓa yin zafin kirki ba, hita kuwa ba ta ba da abin da ba ta samu ba. Wannan shi ne ƙaramar hasara. Babbar ita ce, inji mai sanyi ya fi shan mai. Motocin zamani suna da kwamfuta da ke auna zafin ruwa, in ta ga sanyi sai ta yi ta ƙara fetur, tana tsammani yanzu aka tada mota. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya kan wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ƙarafa su riƙa cin juna. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ba mai albashin da zai so ya riƙa ƙona mai a banza. Har wa yau akwai injunan da tamostat ɗinsu ke da aiki na biyu, watau in ya buɗe hanyar lagireto ya toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In aka cire irin wannan, rabin ruwa ya daina zuwa lagireto, motar da aka so a sanyaya ta ƙara zafi.

Gwada tamostat ba wuya. A ɗaura masa zare a saka shi cikin tukunyar ruwa bisa wuta. Mai lafiya zai buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, in an tsamo shi ya huce ya rufe. Wanda ya ƙi buɗewa, ko wanda a ke gani a buɗe tun yana da sanyi, ya gama aiki.

YADDA A KE BINCIKE

Kafin a kai mota gareji, mai ita yana iya gane inda cutar ta ke, in ya bi abin daki daki. Amma ya fara tabbatawa motarsa tana da hita, gama akwai waɗanda aka ƙera musamman domin ƙasashe masu zafi ba a sa musu ita ba tun asali.

Na fari, a kunna fanka a saurara. In ba iska ko kaɗan, laifin na lantarki ne, inji ba ruwansa. A duba fiyus, sa'an nan ita fankar kanta. In tana aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, sauran lambobin shiru, to, ɗan abin da ke rage mata ƙarfin wuta ne ya ƙone, mai gyaran wayoyin mota zai canja shi ba da tsada ba. In ana jin ƙugin fanka amma iskar ba ƙarfi, a nemi matatar iska, wadda galibi ta ke bayan akwatin da ke gaban fasinja. Ƙurar hunturu ta kan cika ta har ta zama kamar bango. Motar da ke kwana kusa da rumbu kuma a kan sami ɓera ya yi sheƙa cikin hanyar iskar.

Na biyu, in iska na fitowa sosai amma da sanyi, a duba ruwa. Da safe a ke yin wannan, kafin a tada mota. A dubi robar ruwa, a ga ko ruwan na tsakanin zanen sama da na ƙasa, in lagireton mai murfi ne a buɗe shi ma a leƙa. Da ruwa ya ragu, hita ce kan fara rasa rabonta. Alamar wannan ita ce ɗumi ya zo in an taka totur, ya ɗauke in an tsaya. Cika ruwa kaɗai bai isa ba, gama ruwan inji a rufe ya ke, ba ya raguwa sai da dalili. A nemi inda ya ke zuba: bakin tiyo, gindin lagireto, ƙarƙashin famfon ruwa, ko murfin da robarsa ta mutu. Inda aka ga farin tabo ko jan tsatsa ya bushe, nan ne.

Na uku, iska ta kan shiga ta tsare hanya. Wannan ya kan faru bayan an canja tiyo ko an wanke lagireto, aka zuba ruwa da gaggawa. A kan ji ƙarar ruwa yana ɓulɓul a bayan dashbod. Maganinsa a tsai da mota gabanta na bisa tudu, inji da sanyi, a buɗe murfi, a juya makunni wajen ja har ƙarshe, a tada mota a bar ta tana aiki a hankali, ana ƙara ruwa kaɗan kaɗan har kumfa ya daina fitowa. Waɗansu motoci, kamar Peugeot, suna da ƙananan kusoshi da aka yi musamman domin fid da iskar nan, a kan sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa, sa'an nan a ɗaure.

Na huɗu, a dubi allurar zafi. Bayan tafiyar minti goma ko goma sha biyar ya kamata ta hau wajen tsakiya ta tsaya nan. In ta kwanta ƙasa, ko kuwa tana hawa cikin gari tana sauka bisa babbar hanya, to, tamostat ya maƙale a buɗe, ko kuwa babu shi sam.

Na biyar, in allura na tsakiya, ruwa kuma a cike, a kashe mota a buɗe bonet, a taɓa tiyo biyun nan da ke shiga bangon ƙarfe. A yi hankali da fanka, gama ta wasu motoci ta kan tashi da kanta ko an kashe inji. In duka biyu suna da zafi, ruwa na wucewa lafiya, laifin na ɗan ƙyauren nan ne, ko wayar da ke jansa ta zare, ko ɗan injin da ke juya shi ya mutu, a kan ma ji yana ƙas ƙas in an taɓa makunni. In ɗaya na da zafi ɗaya da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, ko bawul ya ƙi buɗewa. In kuwa aka tarar an cire tiyon biyu daga jikin bango an haɗa su da juna, ko an cusa musu fulogi ko guntun itace, to, wani ya riga ya kashe hitar da gangan tun kafin motar ta zo hannunka.

RUWAN DA A KE ZUBAWA

Toshewar nan ba daga sama ta ke faɗowa ba. Dubi cikin butar mai shayi da ta daɗe bisa wuta, za ka ga wani farin abu ya kama gindinta kamar dutse. Gishirin da ke narke cikin ruwan rijiya ne da na burtsatse. Abin da ke samun buta shi ke samun inji. Ruwan gulbi kuwa, wanda yaron mota kan ɗebo da galan in an tsaya a bakin fadama, yana ɗauke da laka da yashi. Ruwa tsura kuma yana cin ƙarfe, ya haifi tsatsa. Dukan wannan datti yana kewayawa, hanyoyin ƙaramin lagireto kuwa sun fi ko'ina ƙunci, saboda haka can ya ke fara taruwa.

Akwai kuma abin da mu ke yi da hannunmu. In lagireto na yoyo a hanya, a kan ji an ce a fasa ƙwai a zuba, ko garin rogo, ko barkono, ko sabulu. Gaskiya ne ya kan tsai da yoyon har a kai gari. Amma garin rogo bai san ramin da a ke so ya toshe da wanda ba a so ba.

Ruwan nan mai launi da a ke sayarwa cikin galan, wanda makanikai ke kira kulan, mutane da yawa suna tsammani na ƙasar ƙanƙara ne kurum. Lalle an yi shi don kada ruwa ya daskare, gama in an gauraya shi rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, mu kuwa ba mu da wannan damuwa. Amma cikinsa akwai magungunan hana tsatsa, yana kuma ɗan jinkirta tafasa, waɗannan kuwa mu muka fi kowa bukatarsu. Ƙarfin maganin ya kan ƙare, don haka a ke canja shi, irin na da bayan shekara biyu, na zamani har wajen biyar, bisa ga abin da littafin motar ya faɗa. In za a ƙara masa ruwa a nemi tatacce irin wanda a ke ƙara wa batir, a tabbata kuma ba mai asid ba ne aka ba ka. Abu ɗaya kuma, ruwan nan yana da zaƙi a baki, alhali guba ne mai kashe ƙoda. Kada a zuba shi cikin gorar lemo a ajiye inda yara ke wasa, kada kuma a zubar da tsohonsa inda awaki da kaji za su sha.

In hita ta toshe sau da yawa tana wankuwa. Bakanike zai cire tiyon biyu, ya tura ruwa mai tsabta ta bakin da ruwa ke fita, watau ya bi da shi baya, har dattin ya fito ruwa ya yi fari. Kada a yarda a sa mata injin wankin mota mai ƙarfi, gama jikinta ba kauri, za ta fashe.

In kuwa ta riga ta huje, alamunta uku ne: wari mai zaƙi cikin mota, wani maiƙo da ke kama gilashi daga ciki, da jiƙewar shimfiɗar ƙarƙashin ƙafar fasinja. Canja ta aiki ne babba, domin a motoci da yawa sai an kwance dashbod duka. Wanda ba shi da hali nan take, ba laifi ya sa a haɗa tiyon biyu da guntun bututu a ɗaure sosai, mota za ta yi tafiyarta. Sai dai ya sani wucin gadi ne, in zai sayar da motar kuma ya gaya wa mai saye gaskiya.

ALAMAR DA BA A WASA DA ITA

Ga wadda ta fi duka muhimmanci. In kana cikin tafiya hita na ba da ɗumi, sai farat ɗaya ta koma hura sanyi, allura kuma tana hawa wajen ja, ka sauka gefen hanya ka kashe mota nan take. Ma'anar wannan ita ce ruwa ya zube, ko famfo ya daina turawa, ko fambel ya tsinke. Wani lokaci ma allurar ba ta hawa, gama in ruwa ya ƙare sarai abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa, sai ya yi maka ƙarya. A irin wannan hali hita ce kaɗai mai gaya maka gaskiya. Tafiyar kilomita biyu ko uku bayan wannan ta isa ta ƙone gasket, ta karkatar da kan silinda, ko inji ya buga gaba ɗaya. Kowa kuwa ya san a 'yan shekarun nan hanyoyin gabashin Sakkwato ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa ba ne da duhun asuba.

Gasket ɗin da ya soma ƙonewa shi ma ya kan hana hita aiki, domin hayaƙin silinda yana kutsawa cikin ruwa ya zama iska mai tsare hanya. In an fid da iska yau gobe ta komo, a yi zarginsa. Sauran alamunsa su ne kumfa da ba ya yankewa cikin robar ruwa, farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya yi zafi, ruwa na raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba, da baƙin mai da ya koma launin shayi mai madara.

Kada kuma a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin nan yana danne ruwan ne da ƙarfi, har ya kan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da an sassauta shi ruwan zai tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri, ya sami fuska da hannu. A jira rabin sa'a ko fiye, a ɗora tsumma mai kauri, a juya a hankali. Kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe ya kan tsage.

KASKON WUTA CIKIN MOTA

Rashin hita ya kan kai mutane ga wata dabara mai kisa. Direba da yaronsa sun kwana tasha ko bakin gona suna jiran lodi, ɗari ya matsa, sai a shigo da kaskon gawayi a ɗaga gilasai. Gawayi in yana ci inda iska ba ta isa ya kan fid da wata guba da masana ke kira kabon monokzayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini ya fi kama ta fiye da sau 200 bisa yadda ya ke kama iskar da mu ke rayuwa da ita. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sa'an nan barci mai nauyi, wanda sau da yawa ba a tashi daga gare shi. Gubar nan tana cikin hayaƙin salansa kuma. Don haka ko mai hita lafiyayya kada ya kwanta barci cikin mota inji na aiki, balle cikin rufaffen gareji, balle in salansar ta huje.

Dattawa za su tuna da Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda aka soma haɗawa a Legas cikin 1975, shekarar da Peugeot ta soma fitowa daga Kaduna. Ita kunkuru ba ta da lagireto, iska ke sanyaya injinta, ɗuminta kuwa daga jikin bututun hayaƙi a ke ɗebo shi. In tsatsa ta huda bututun, hayaƙi ya biyo ɗumin ya shigo ciki. Wanda har yanzu ya ke riƙe da irinta ya lura. In an ga mutum ya galabaita ta haka, a fid da shi sarari nan da nan, a garzaya da shi asibiti, ko da ya farfaɗo.

AMFANINTA BA NA HUNTURU KAƊAI BA NE

In mota ta cika da fasinja, gilasai a rufe, numfashinsu ya kan lulluɓe gilashin gaba, da asubar sanyi ko cikin ruwan Agusta. Direba ya riƙa tuƙi da hannu ɗaya yana shafa gilashi da hularsa, ga shanu da amalanke a hanya. Iska mai ɗumi in aka juya ta wajen gilashi ita ke share wannan.

Da bazara ma tana da rana. In allura ta soma hawa cikin cunkoso ko bisa hawa, ruwa kuma yana nan, a kashe na'urar sanyi, a sauke gilasai, a juya hita wajen ja, fanka a lamba ta ƙarshe. Za a sha zufa, amma ƙaramin lagireton nan zai taimaki babban, ya janye zafi har a sami wurin tsayawa. Wanda ya bari aka kashe hitarsa ya rasa wannan mataimaki.

Shawararmu ga masu mota ita ce su gwada hita tun cikin Oktoba, kafin sanyi ya sauka, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ko da bazara a riƙa kunna ta minti biyar sau ɗaya a wata, don ƙyaure da bawul kada su ƙage. Akawunan da motocin hukuma ke hannunsu, musamman motar ɗaukar marasa lafiya, muna roƙonsu su riƙe al'adar nan ta littafin mota, wadda aka gada tun zamanin En'e kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Inda a ke rubuta tafiya da mai, a ƙara rubuta ran da aka canja ruwa, da irin wanda aka zuba, da ko tamostat na nan. Malaman makaranta kuwa, musamman masu koyar da kimiyya, ga darasi a ƙofar aji: tukunya, da ruwa, da tsohon tamostat sun isa a nuna wa yara yadda zafi ke kumbura abu. Cikin yaran nan ne makanikan gobe za su fito, in sun ga aikin ɗan ƙarfen nan da idonsu, da wuya su jefar da shi.

Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.